Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu ɗaukar nauyin aikin yanar ido a karkarar Jigawa: a duba injektar da ke shigar da madubi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu masu ɗaukar nauyin aikin ido kyauta, 'yan majalisa da attajirai da ƙungiyoyin agaji, da ku shugabannin asibitocin da ake sauke wannan aiki a cikinsu tun daga Gwaram har Maigatari, Allah ya ƙara muku lafiya, ya saka muku da alheri. Mu da muka rubuto wannan takarda ma'aikatan jinyar ido ne da masu wanke kayan tiyata da kula da su. Magana ɗaya ta kawo mu, a kan wani ɗan ƙarfe da tsawonsa bai kai taƙi guda ba, wato injekta, abin da likita ke tura madubin roba da shi zuwa cikin ido bayan an cire yana. Ana biyan kuɗin madubi, ana biyan magani da man janareta da abincin marasa lafiya, amma injekta da katirij ɗinta, wato siririn bututun da madubin ke bi ta ciki, ba kasafai ake tunawa da su a lissafi ba. Sai a yi ta aiki da tsohuwa har ta lanƙwashe, ita kuwa lanƙwasasshiyar injekta a cikin idon mutum take nuna aibinta.

Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce ta jawo kashi 43 na wannan makanta. Binciken ya kuma nuna cewa a cikin idanun da aka taɓa saboda yana, sama da kashi 40 ba asibiti aka kai su ba, masu aikin gargajiya ne suka soka su, suka tura madubin ido na halitta da yanar ta kama ya faɗa can ƙuryar ido. Har yau da waɗannan mutane asibiti ke takarar samun amincewar ƙauye. Dattijo ɗaya da ya dawo gida daga aikin asibiti ido ya yi fari ya isa ya sa tsofaffin unguwarsu su fasa zuwa.

Aikin yana iri biyu ne, kuma dole mai sayen kaya ya san bambancinsu. Wanda aka fi yi a karkararmu shi ne aikin hannu: a yi ƙofa mai faɗin milimita 6 zuwa 7 a farin ido, a fito da yanar ɗungurungum, a sa madubi mai tauri da hantsaki. Wannan ba ya buƙatar injekta ko kaɗan, kuma aiki ne mai kyau a hannun gwani. Na biyu shi ne feko, wanda Charles Kelman ya fito da shi a Amurka a 1967: na'ura ce ke farfasa yanar tana tsotse ta ta ƙofar da ba ta wuce milimita 2.2 zuwa 3 ba. Madubin da za a sa kuwa tsakiyarsa milimita 6 ce, idan aka haɗa da hannayensa biyu masu lanƙwasa ya kai 12.5 zuwa 13. Ba yadda za a yi ya shiga ta wannan 'yar ƙofa sai an naɗe shi kamar tabarma, an cusa shi ta cikin siririn bututu, ya je ya warware a cikin jakar da tsohon madubin ya bari. Bututun shi ne katirij, abin da ke tura madubin ta cikinsa kuwa ita ce injekta. Yanzu madubi mai naɗuwa ya fara yawaita a wurinmu, wani lokaci kyauta ake kawo shi katan-katan, har ma ana sa shi a aikin hannu. Daga nan matsalar ta taso.

Injektar ƙarfe, wadda ake wankewa a sake aiki da ita, sassanta huɗu ne: gangar jiki, mazaunin da katirij ke maƙalewa, sandar turi mai ɗan kai a ƙarshenta, da maɓallin baya wanda ko dai a murɗa shi a kan tiredi, wato zaren murɗi irin na kusa mai noti, ko a danna shi irin na sirinji. Yawanci da titaniyom ake yin ta, shi ya sa ake ɗauka ba ta lalacewa. Tana lalacewa, kuma a sanda take farawa. Sandar siririya ce. Faɗuwa ɗaya daga tebur zuwa siminti ta isa ta karkatar da kanta, haka nan idan aka jibga ta a tire ɗaya da almakashi da hantsaki, ko aka rufe murfin tire a kanta alhali sandar tana waje. Karkatar da ba ta kai rabin milimita ba, wadda ido ba ya gani sai an sa maikiroskof, ta isa ta sa kan sandar ya kauce wa gefen madubi inda ya kamata ya dafa. Sai ya hau saman madubin ko ya kutsa ƙarƙashinsa. Idan ya hau sama, ya karce tsakiyar madubi ko ya tsaga ta. Idan ya matse hannun baya tsakaninsa da bangon katirij, sai hannun ya lanƙwashe ko ya tsinke, madubi ya shiga ido da hannu ɗaya.

Kan sandar ma yana yin ƙaya. Gogayya da sauran ƙarafa a wurin wanki, da kankare busasshen man da ake cika katirij da shi da bakin allura ko reza, su ke barin ɗan tsini a gefensa. Madubin akirilik mai laushi ba ya jure wannan: duk inda tsinin ya taɓa sai ya bar zane. Zanen da ke can gefe mai yiwuwa mutum bai ma san da shi ba, amma wanda ya ratsa tsakiya yana watsa haske, mutum ya riƙa ganin walƙiya idan fitilar mota ko tocila ta haske shi da dare.

Sai tiredi. Duk murɗawa ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Idan mai ya bushe a cikin tiredin, ko ruwan wanki ya bar masa gishiri, murɗin ya yi tauri, a yi ta tilasta masa, ya riƙa zubar da wani baƙin gari mai laushi. Garin nan yana bin sanda ya gangara har cikin katirij. Banda haka, tiredin da ya cinye ba ya tafiya bai ɗaya: ya cije, ya saki, ya cije. Likita yana murɗawa a hankali sai madubi ya yi tsalle. A injektar dannawa ma haka abin yake idan sanda tana cijewa: likita ya ƙara ƙarfi, madubi ya kuɓuce da gudu ya daki bayan jaka. Kaurin bayan jakar nan 'yan maikiron ne kawai (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ba ta da abin da za ta tare bugu da shi. Idan ta yage, ruwan kaurin da ke bayan ido ya ɓullo gaba, aikin minti goma sha biyar ya koma na awa guda, a wurin da watakila babu na'urar yanke wannan ruwa.

Mazaunin katirij shi ne na ƙarshe da ake tunawa da shi. Idan ya buɗe, katirij ya riƙa rawa, to ko sandar a miƙe take ba za ta shiga tsakiyar bututu ba.

Katirij roba ce, kuma sau ɗaya aka yi ta a yi aiki da ita. Alamar tana jikin ledarta, lamba 2 a cikin da'ira an soke ta da layi. Cikin bututun an shafe shi da wani siririn sinadari mai santsi tun daga masana'anta, shi ke sa madubi ya zame. Madubi ɗaya idan ya wuce ya tafi da wani ɓangare na santsin, ya kuma buɗa bakin bututun, sau da yawa har da 'yan tsage-tsagen da suke bayyana fari-fari a ƙarƙashin maikiroskof. Idan aka wanke ta aka sa a otokilef, injin da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi, zafi ya kwashe sauran santsin ya karkatar da robar. Idan aka jiƙa ta a maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su gulutaraldehaid, maganin ya maƙale a cikin bututu, ga shi kuwa guba ne ga gilashin gaban ido. Madubi na biyu da aka tura ta cikinta ko ya maƙale a tsakiya, ko bakin ya tsage yana cikin ƙofar ido, ya yaga ƙofar ko ya ɓare siririyar fatar da ke bayan gilashin ido. Wanda ya maimaita katirij ba mugunta ta sa shi ba. An kawo masa madubi ɗari da katirij sittin, ga layin tsofaffi da suka kwana a barandar asibiti. Gyaran wannan yana hannun mai saye.

Haka kuma ba kowace katirij ke shiga kowace injekta ba, ba kuma kowane madubi ke bi ta kowace katirij ba. Kamfani yana gwada madubinsa ne da katirij ɗinsa da injektarsa, su uku tare. Ko a kamfani ɗaya akwai girma daban-daban: injektar Monarch ta Alcon, alal misali, tana da katirij B da C da D, kowace da faɗin bakinta, kuma an rubuta iyakar ƙarfin madubin da kowace za ta ɗauka. Dalili shi ne madubi yana ƙara kauri yayin da lambarsa ke hawa. Yawancin mutane lambarsu tana tsakanin +18 da +24, amma mai gajeren ido yana iya buƙatar +28 ko +30, kuma irin wannan madubi idan aka cusa shi a katirij mai ƙaramin baki, ko ya fasa ta ko ya fito da tabo. Idan aka sayo madubi daga wannan dillali, katirij daga wancan saboda ta fi araha, injekta kuma ragowar wani aikin da aka yi shekarun baya, to likita ne zai gano rashin dacewarsu, a lokacin da ido ke buɗe a gabansa.

Akwai injektar roba da ke zuwa a leda ɗaya da katirij ɗinta, yawanci tare da madubi mai shan ruwa wanda ke cikin 'yar kwalba. Kan sandarta yana da ɗan matashi na silikon. Ita ma sau ɗaya ce. Idan aka maimaita ta, matashin yana kumbura ko ya sassauta, ya iya zarce madubi, ko ya cire ya bi shi cikin ido.

Yanayinmu ma yana da hannu. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, balle a cikin but ɗin mota ko sito mai rufin kwano. Galibin madubai an rubuta a kwalinsu kada a ajiye su a zafin da ya wuce digiri 45. Katirij da ta kwana biyu a irin wannan zafi santsinta yana canzawa, ledarta ma tana iya ɓamɓarewa. A lokacin hunturu kuma akasin haka ake samu: madubin akirilik marar shan ruwa yana taurara idan ya yi sanyi, ya ƙi naɗuwa, ya tsage a wurin lanƙwasa. Wanda aka ɗauko daga mota da asubar Janairu, ko aka ajiye a saitin na'urar sanyaya ɗaki, a bar shi ya ɗauki ɗumin ɗaki kafin a naɗe shi; kamfanoni suna so ɗakin ya kasance wajen digiri 18 zuwa 23. Kada a sa madubi ko katirij a firij. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke sauka a kan duk tiren da aka bari a buɗe.

Wanki shi ne inda muke roƙon ku ku fi sa ido, domin ɓarnarsa ba ta tsaya a ido ɗaya. Man da ake cika katirij da shi, wanda muke kira bisko, yana da danƙo. Yana bin sanda ya shiga cikin gangar injekta. Idan aka bar shi ya bushe sai ya zama ɓawo, otokilef kuma ba ya wanke shi, gasa shi yake yi ya mayar da shi guba. A aiki na gaba ɓawon ya narke a sabon mai ya shiga ido. Haka sauran sabulu, da maganin wanki mai enzayim da ba a ɗauraye sosai ba, da dattin ƙwayoyin cuta da ke taruwa a ruwan da ya kwana a kwano ko a tankin otokilef; zafi yana kashe ƙwayar cutar amma ba ya lalata dafin da ta bari. Sakamakon shi ne kumburin da likitoci ke kira TASS. Yana bayyana cikin awa 12 zuwa 48: gilashin ido ya yi hazo daga gefe zuwa gefe, gani ya dusashe, sau da yawa ba tare da ciwo mai tsanani ba. Ya bambanta da shigar ƙwayar cuta, wadda ta fi bayyana bayan kwana uku zuwa bakwai da zafin ciwo. Alamar da ke tona shi ita ce ya kama mutane da yawa da aka yi wa aiki rana ɗaya a tebur ɗaya. Idan an gane shi da wuri ana shawo kansa da ɗigon sitiroyid akai-akai. Idan ya yi tsanani yana kashe ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bayan gilashin ido, waɗanda ke tsotse ruwa su bar shi garau. Ƙwayoyin nan ba sa sake tsirowa. Tsoho yana da kamar 2,000 zuwa 2,500 a kowace murabba'in milimita, abin da ya rasa ya rasa ke nan, kuma idan suka ragu ƙwarai sai dashen gilashin ido, wanda manomin Kirikasamma ko Sule Tankarkar ba shi da hanyar samu cikin sauƙi. Ƙasashen da suka fi mu kayan aiki ma sun sha wannan: a 2006 an sami ɓarkewarsa a Amurka da Kanada, kuma da aka bi sawu, rashin wanke kaya yadda ya kamata yana cikin manyan dalilan da aka gano.

Wankin da ya dace ba shi da wuya, lokaci da ruwa mai kyau yake so. Da an gama tura madubi, a cire katirij a jefar, a goge kan sanda da ƙyalle marar gashi da aka jiƙa da tataccen ruwa mai tsarki tun kafin man ya bushe, a sa injektar cikin irin wannan ruwa har a kai ta wurin wanki. Kada a jiƙa ta a ruwan gishirin da ake wanke ido da shi, domin yana bushewa ya bar ƙanƙarar gishiri a cikin tiredi, yana kuma cin ƙarfe. A wurin wanki a ja sanda baya gaba ɗaya, a kwance abin da kamfani ya ce a kwance, a bi kan sanda da tiredi da burushi mai laushi, a ɗura tataccen ruwa da sirinji ta cikin ganga sau da yawa, ruwan yana zuba a wani kwano dabam ba cikin wanda ake ɗiba ba. Ɗaurayar ƙarshe dole ta zama da tataccen ruwan da aka samar ta hanyar tururi. Ruwan burtsatse da na leda ba su isa ba. Suna barin farin ƙasa a jikin ƙarfe da cikin otokilef. A busar da iska, a ajiye ta a tire mai shimfiɗar silikon, sanda a ciki, babu wani ƙarfe a kanta. A otokilef, digiri 134 na aƙalla minti 3 zuwa 4 a injin da ke zuƙe iska, ko digiri 121 na minti 30 ga kayan da aka naɗe a injin da ba ya zuƙewa, sai in takardar kamfanin ta faɗi wani abu dabam. Tafasawa a tukunya ba ta wadatar. Kada a shafa wa tiredi man keke ko basilin: suna hana tururi isa ga ƙarfe, kuma ɗigonsu a cikin ido masifa ce.

In aka haɗa wanki da otokilef da hucewa, injekta ɗaya tana buƙatar kusan awa guda kafin ta dawo tebur. Likita mai sauri yana gama ido ɗaya cikin minti 15. Ke nan tebur ɗaya yana buƙatar injekta huɗu ko biyar suna zagayawa, da ɗaya a ajiye. Inda aka ba tebur injekta ɗaya ko biyu aka ce a yi wa mutum hamsin a yini, ba sai an tambaya ba, wani mataki ake tsallakewa: ko wankin, ko lokacin otokilef, ko a kwara wa ƙarfe mai zafi ruwan gishiri don ya huce. Muna roƙo a daina auna nasarar aiki da yawan kawunan da aka yi wa a yini, in ba a kawo kayan da za su ɗauki wannan yawan ba.

Dubawa kuwa minti biyu ce, kuma kowace injekta ta cancanci a yi mata ita bayan kowane wanki. A sa kan sanda a ƙarƙashin maikiroskof ko gilashin ƙara girma, a juya shi a ga ko akwai tsini, tsagewa ko busasshen mai. A shafa masa auduga a hankali: in zare ya maƙale, akwai ƙaya. A ɗaura wata katirij ta gwaji da aka ware domin wannan kawai, a tura sanda a ga ko tana shiga tsakiyar bututu ba tare da ta goga bango ba. A murɗa maɓalli daga farko har ƙarshe a ji ko yana cijewa. A goga farin ƙyalle a tiredi: in ya fito da baƙi, ƙarfe ne ke cinyewa. A girgiza katirij ɗin a mazauninta a ji ko tana rawa. Duk wadda ta faɗi ɗaya daga cikin waɗannan, a ɗaura mata jan zare a fitar da ita daga ɗakin tiyata. Kada a miƙar da sanda da filaya, kada a goge tsini da fayil ko a kai wa maƙeri. Mun san gwanintar maƙeranmu, amma saitin da ake nema a nan ya fi ƙarfin ido da hannu, kuma sandar da aka lanƙwasa aka miƙar ta riga ta yi rauni. Duk injektar da ta faɗi ƙasa, ko ba a ga komai a jikinta ba, a ɗauke ta a matsayin mai rauni har sai an duba.

A wajen ɗora madubi ma akwai abin da ke hannun ma'aikaci. A cika bututu da bisko sosai. A ɗauki madubi da hantsaki marar haƙori, a kwantar da shi yadda zanen da ke jikin katirij ya nuna, a tabbata ba a datse hannu ko gefen madubi ba wajen rufe fukafukan katirij. A tura shi gaba a ƙarƙashin maikiroskof ana kallon inda sanda ta dafa. Kada a naɗe shi tun likita bai shirya ba, domin madubin da ya daɗe a naɗe man yana tsiyayewa daga jikinsa ya manne wa bango; 'yan mintuna kaɗan ne iyakarsa. In aka ji turjiya, a tsaya. Madubin da ya lalace a waje asarar kuɗi ce kawai. Wanda ya lalace a ciki sai an yanka shi gida biyu da almakashi a cikin ido, ko a faɗaɗa ƙofa a fito da shi, kuma kowane ɗaya yana ƙara cin waɗancan ƙwayoyin da ba sa dawowa. In aka bar shi da hannu ɗaya, yana iya zamewa gefe bayan makonni, mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, a lokacin da tawagar da ta yi aikin ta daɗe da komawa.

Abin da muke nema a wurinku ba shi da yawa, ranku ya daɗe. Idan za a sayi madubi mai naɗuwa, a rubuta a takardar kwangila cewa madubi da katirij da injekta daga tsari ɗaya za su fito, masu rajistar NAFDAC, da lambar rukuni da ranar lalacewa a jikin kowace leda. A sa katirij ta fi madubi yawa da kamar ɗaya cikin goma, saboda wadda za ta faɗi ko ta lalace wajen ɗorawa. Kowace lamba ta madubi a sami na ajiya, a kuma riƙe madubi mai tauri da mai sassa uku a gefe, domin idan jaka ta yage ba a sa madubin akirilik mai ƙira ɗaya a gabanta. Yana gogar bayan baƙin ido ya jawo kumburi da hawan matsin ido. Inda kuɗi ya isa, madubin da ke zuwa a ɗore cikin injektarsa tun daga masana'anta ya fi dacewa da aikin karkara, saboda babu wanki babu ɗorawa. A sa tataccen ruwa da burushi da tire mai silikon a cikin kasafi da sunansu, kada a bar su cikin "sauran kaya". Kayan da aka kawo kyauta ma a tambayi katirij da injektarsu kafin a karɓa.

Inda kuma ba za a iya cika waɗannan ba, muna faɗa da babbar murya: a yi aikin hannu da madubi mai tauri. Irin robar da Harold Ridley ya fara dasawa a Landan a 1949 ce, an daɗe da sanin halinta a cikin ido, kuma tun da Aurolab ta fara ƙera shi da araha a Madurai ta Indiya a 1992 ya zama abin da talaka ke iya samu. Ba koma baya ba ne. Mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya a 1998 shi ne aƙalla kashi 80 na idanun da aka yi wa aiki su ga layin 6/18 ko fiye a allon gwajin gani, waɗanda ganinsu bai kai 6/60 ba kuma kada su wuce kashi 5. Aikin hannu mai tsafta yana cimma wannan. Madubi mai tsada da aka tura ta karkatacciyar sanda da katirij da aka maimaita ba ya cimma shi.

Muna kuma roƙon a buɗe littafi. Kowace injekta a ba ta lamba, a rubuta ranar da ta fara aiki, da duk ranar da ta faɗi ko aka ga wani aibi a jikinta. A takardar kowane marar lafiya a manna lambar madubinsa, a rubuta lambar injekta da rukunin katirij da na bisko. In washegari aka buɗe bandeji aka ga ido uku ko huɗu sun yi hazo, da wannan littafi za a gano inda abin ya fito kafin a ci gaba da aikin ranar. Madubin da ya tsage da katirij da ta fashe kada a jefa su a shara. A sa su a leda da lambarsu, a sanar da dillali da NAFDAC. A tsara dawowar marasa lafiya washegari, da bayan mako ɗaya, da bayan mako huɗu zuwa shida, a wurin da suka sani da ma'aikacin da zai iya tura su babban asibiti in an ga matsala.

Na ƙarshe ya rataya ne a kan shugabannin asibiti da jagororin tawaga. Ma'aikaciyar jinya ko mai wanke kaya da ya ce wannan injekta ba za ta koma tebur ba, ko katirij ta ƙare a dakata, a ba shi wannan iko a rubuce, kuma kada a ɗauke shi mai kawo cikas. A gaya wa mai ɗaukar nauyi tun kafin a sa rana cewa adadin da za a yi wa aiki zai bi adadin katirij da injektar da ke hannu, waɗanda suka rage kuma a ba su wata rana tabbatacciya da kuɗin motar dawowa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa abin da kuke kashewa ya zama sadaka mai gudana.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan jinyar ido da masu kula da kayan tiyata a karkarar Jigawa